Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hausawa mazauna Cornwall, kafin ku kai yara kallon fitilun Mousehole

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da malamaina, yayye da ƙanne, maza da mata, musamman ku da aikin jinya da kula da tsofaffi ya kawo ku wannan kusurwa ta Ingila, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da sanyi. Allah Ya sa mu ga ƙarshen hunturun nan lafiya.

Disamba ta ƙarato, na kuma ji gidaje da dama suna shirin ɗibar yara zuwa Mousehole kallon fitilu. Abin kallo ne kam. Tun 1963 mutanen ƙauyen suke ƙawata tashar jiragensu da fitilu duk ƙarshen shekara, wasu a jikin katanga, wasu a kan tudu, wasu suna shawagi a kan ruwa da siffar kifi da jiragen ruwa da dodannin teku. Tafiyar kilomita 4 ce kacal daga Penzance, ga bas yana zuwa. Ba zan hana kowa ba, ni ma ina zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani tsohon gini na dutse da ke fuskantar tashar, wanda duk mai kallon fitilu sai ya bi ta gabansa. Mashaya ce, sunanta Ship Inn. Na san yadda muke yi idan muka iso ƙofar irin waɗannan wurare: a kau da kai, a ja hannun yara, a ƙara sauri. Roƙona shi ne bana kada ku wuce. Ku tsaya daga waje, ku nemi wani allo da aka kafa a jikin bangon, ku karanta sunan da ke kai, ku gaya wa yaranku ko wane ne.

Malam, na san abin da ke bakinka, don haka bari in riga ka. Ban ce kowa ya shiga ba. Hukuncin giya a wurinmu ba abin muhawara ba ne, hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita kuwa mun sha jin sa tun muna makarantar allo. Wanda ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ya faɗa. Amma allon a waje yake, a bakin titi, kuma karanta shi bai kai ka ga kofi ba. Sannan kada mu ɗauka mu muka fara ƙyamar giya a yankin nan. Tun daga 1743 John Wesley yake zarya zuwa Cornwall yana wa'azi, ɗarikar Methodist ta kafu sosai a tsakanin masunta da masu haƙar ma'adinai, kuma da yawa daga cikin mabiyanta sun rayu sun mutu ba su ɗanɗana giya ba. Har yau idan ka ce wa tsohuwar Cornwall ba ka sha, ba za ta yi mamaki ba, ƙila ma ta ce maka mahaifinta haka yake.

Sunan da ke kan allon shi ne Charles Greenhaugh. Shi ne mai riƙe da gidan a 1981, yana da shekara 46, kowa Charlie yake kiransa. Ban da tsayawa bayan kanta, yana cikin 'yan sa-kai na jirgin ceton Penlee, wanda rumfarsa take a kan duwatsu tsakanin Mousehole da Newlyn. Ya kamata a fahimci wannan tsari, domin ba irin wanda muka saba ba ne. Ƙungiyar RNLI, wadda Sir William Hillary ya assasa a 1824, ita ke da jiragen ceto a gaɓar Birtaniya da Ireland, kuma ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Da gudummawar jama'a take aiki. Yawancin waɗanda ke fita teku ba albashi suke ɗauka ba: masunci ne, mai shago, makanike, ma'aikacin waya. A wancan zamani da harba roka mai ƙara ake kiransu, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya ruga.

Ranar Asabar, 19 ga Disamba, 1981, wani sabon jirgin dakon kaya mai suna Union Star yana kan tafiyarsa ta farko, ya ɗauko takin zamani daga IJmuiden ta ƙasar Holan zai kai Arklow a Ireland. Mutum takwas ne a ciki: kyaftin Henry Morton, ma'aikata huɗu, matarsa, da 'yan mata biyu 'ya'yanta. Wajen ƙarfe shida na yamma, kimanin kilomita 13 gabas da dutsen Wolf Rock, injin ya mutu. Ruwan teku ne ya shiga cikin man, aka yi aka yi ya ƙi tashi. Wani jirgin janwe mai suna Noord Holland ya yi tayin ja, amma bisa sharaɗin da zai sa a biya shi gwargwadon darajar jirgi da kayansa, kyaftin bai amince da farko ba. Kafin a daidaita, iska ta riga ta yi ƙarfin da ake lissafa ta cikin mahaukaciyar guguwa, tana kaɗawa har kilomita 160 a awa, igiyar ruwa tana tashi mita 18. Ku ƙiyasta bene mai hawa shida. Haka ta riƙa tura jirgin zuwa ga duwatsun gaɓa.

Jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya taso daga sansanin Culdrose, wani Ba'amurke mai suna Russell Smith yana tuƙi, amma iskar ta hana a sauke igiya a ɗauki kowa. Sai aka kira Penlee.

Jirgin cetonsu sunansa Solomon Browne. Na katako ne, an ƙera shi a 1960, tsawonsa bai wuce mita 14 da 'yan kai ba. Shugabansa William Trevelyan Richards, masunci mai shekara 56. Mazan da suka amsa kira a daren sun fi adadin da ake bukata, sai ya tsaya ya zaɓi bakwai: Stephen Madron, Nigel Brockman, John Blewett, Barrie Torrie, Kevin Smith, Gary Wallis, da Charlie Greenhaugh. Akwai wani yaro ɗan shekara 17, Neil, ɗan Nigel Brockman, shi ma ya zo a shirye. Richards ya mayar da shi gida, ya ce a dare irin wannan ba zai ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya ba. Duk wanda ya ji wannan ya san dattijon ya san inda za su. Waɗanda ya zaɓa su ma sun sani, suna jin kukan teku da kunnensu, suka sa rigunansu suka shiga.

Ku tuna kuma ranar da abin ya faɗo. Asabar ce ta ƙarshe kafin Kirsimeti, daren da mai mashaya yake cinikin da ba ya yin irinsa a shekara. Charlie ya bar cinikin ya tafi.

Ƙarfe 8:12 na dare jirgin ya gangara daga rumfarsa ya faɗa ruwa. Da suka isa, Union Star ya riga ya kusa duwatsu. Suka yi ta matsowa gefensa, igiya tana jefar da su, suna dawowa. Matuƙin jirgin saman da ke kallo daga sama ya ba da shaida daga baya cewa ya ga ruwa ya ɗaga ƙaramin jirgin ya ɗora shi a kan babban, ya zame ya koma teku, suka sake juyowa. Ya ce bai taɓa ganin jarumta irin wannan ba, ba ya kuma zaton zai sake gani. Ƙarfe 9:21 suka yi magana ta rediyo da jami'an tsaron gaɓa da ke Falmouth, suka ce sun kwaso mutum huɗu. Da sun juya gida a wannan lokaci, ba wanda zai ga laifinsu. Saura huɗu. Suka koma.

Daga nan ba a sake jin muryarsu ba. Jiragen ceto na Sennen Cove da Lizard da tsibiran Scilly suka fito nema, na Sennen ma ya kasa zagayo kusurwar ƙasar saboda ƙarfin ruwa. Gari ya waye Union Star yana kife a kan duwatsu yamma da hasumiyar fitila ta Tater Du, tarkacen Solomon Browne kuwa teku tana ta watso shi gaɓa. Mutum 16, babu wanda ya tsira. Wasu har yau ba a ga gawarsu ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu da muka fito daga garuruwan da kowa ya san kowa, ba sai an yi mana bayanin abin da rasa maza takwas a dare ɗaya yake nufi a ƙauye ƙarami ba. Ba gidan da makoki bai shiga ba. Duk da haka, cikin yini guda aka samu waɗanda suka miƙa sunansu suka isa a haɗa sabon ayari. Yaron nan da aka mayar gida, Neil Brockman, ya ci gaba da aikin, daga baya shi ya shugabanci jirgin ceton Penlee shekaru masu yawa. RNLI ta ba Richards lambar zinariya bayan rasuwarsa, sauran bakwai ta ba su ta tagulla. Jama'ar ƙasa suka tara wa iyalan fiye da fam miliyan 3, har aka yi ta cece-kuce lokacin da aka ji batun cire haraji a cikin kuɗin. Binciken da aka yi ya danganta asarar da gurɓacewar man inji da tsananin guguwa, kuma bayansa ne aka ƙara wa jami'an tsaron gaɓa iko, ta yadda idan kyaftin yana jan ƙafa za su iya shelar neman agaji a madadinsa, su sa a ja jirgin. A 1983 aka mayar da tashar ceton Newlyn da sabon jirgi mai sauri. Tsohuwar rumfar tana nan a rufe a bakin hanya, da ɗan lambun tunawa a gefenta. Bas ɗin da zai kai ku ta gabanta yake wucewa.

Ga inda fitilun da za ku kai yara kallo suka shigo cikin labarin. Kwana biyu kafin hatsarin, Charlie Greenhaugh ne aka ba girman kunna fitilun shekarar. Bayan guguwar suka zauna a kashe, ba wanda yake da zuciyar taɓa su. Kwana uku da faruwar abin, matarsa, tana tsakiyar zaman makoki, ita ce ta ce a gyara su a kunna. Tun daga nan al'adar ta ci gaba. Sai dai duk ranar 19 ga Disamba, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, akan kashe su, a bar gicciye da siffofin mala'iku kawai. Idan ranar kuka zaɓa, don Allah ku shirya wa wannan awa. Kada a ji mu muna tambaya da ƙarfi ko wuta aka ɗauke, kada a haska fitilar waya a fuskar mutane, kada yara su yi ta guje-guje a kan katangar tasha. Dattijon da ke tsaye kusa da kai da hula a hannu, ƙila ƙaninsa ne bai dawo ba.

Wani zai ce, to, ai wannan labarin jirgin ceto ne, me ya kawo mashaya ciki? A ƙauyen masunta irin wannan, gidan nan shi ne kamar majalisar ƙofar gidan mai unguwa a wurinmu. Nan ake jin wanda ya samu kifi da wanda ragarsa ta yage, nan ake neman wanda zai cike gurbi a jirgi, nan ake komawa bayan jana'iza, nan ake waƙoƙin teku na gargajiya, nan kuma ake ajiye ɗan asusun RNLI mai siffar jirgi a kan kanta, kowa ya jefa canjinsa. Hotunan tsofaffin jirage da na mutanen da suka shuɗe a bangon irin waɗannan gidaje suke rataye. Coci tana da nata matsayin, amma ba kullum ake buɗe ta ba. Ba wai ina wanke giya ba ne. Mu da muke aiki a asibiti mun ga hantar da ta cinye, mun ga gidajen da ta rusa, su kansu Turawan sun fi mu sanin haka. Abin da nake cewa shi ne tarihin ƙauyen a wannan ɗaki aka ajiye shi, ko mun so ko mun ƙi, kuma wanda yake son sanin maƙwabcinsa sai ya san inda maƙwabcin yake ajiye abin da ke ransa.

Kwana huɗu bayan daren kashe fitilu, wato 23 ga wata, gidan yake cika maƙil saboda wani biki da ake kira daren Tom Bawcock. Labarin da ake bayarwa shi ne, a wani hunturu can da, guguwa ta hana jirage fita har yunwa ta kama ƙauyen, sai wani masunci mai wannan suna ya yi ƙundunbala ya fita shi kaɗai, ya dawo da kifi iri bakwai, aka gasa aka ciyar da kowa. Almara ce ta baka, kuma bikin a yadda ake yin sa yau na ƙarnin da ya wuce ne. Yara sukan zaga gari da fitilun takarda, a Ship Inn kuma a fito da wani ƙaton faranti: kifi da ƙwai da dankalin Turawa, an rufe da kwaɓaɓɓiyar fulawa an gasa, kawunan kifin sun ɓullo ta saman ɓawon, baki buɗe, idanu suna kallon sama. Ranar da na fara ganin sa sai da na ja da baya. Hajiya, idan wata maƙwabciya ta kawo miki irinsa gida, ki tambaya tukuna, domin wasu suna yanka naman alade a ciki. Abin lura dai shi ne, mutanen da suka yi shekaru suna bikin mutumin da ya fita cikin guguwa ya dawo, su ne kuma suke makokin takwas da suka fita ba su dawo ba, duka a mako ɗaya, a ƙofa ɗaya.

Idan kun samu sarari da rana, ku shiga lungunan da ke bayan tashar, za ku ga wani gida mai baranda a kan ginshiƙan dutse. A 1595 jiragen yaƙin Sifaniya huɗu ƙarƙashin Carlos de Amésquita suka sauke sojoji a nan, suka ƙone Mousehole da cocin ƙauyen Paul da Newlyn da Penzance. Wannan gida ne ya tsira a ƙauyen, mai shi Jenkyn Keigwin kuma a wurin kare shi aka kashe shi. Daga baya shi ma ya zama mashaya, Keigwin Arms. Yau gidan zama ne, ƙofa a rufe, sai allo a bango. Duk hirar da aka yi a cikinsa ta tafi da masu ita. A saman tudu kuma, a jikin katangar cocin Paul, akwai dutsen tunawa da Dolly Pentreath, mai tallan kifi da ta rasu a 1777, wadda aka daɗe ana cewa ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen Cornwall a baki. Ƙauyen nan ya san yadda abu yake ɓacewa.

Yanzu ma abin da ke faruwa ke nan, sai dai ba da wuta ba. Kifin sadin da ya riƙe ƙauyen shekaru aru-aru ya ja baya tun farkon ƙarni na 20, manyan jiragen kamun kifi suna Newlyn. Abin da ya maye gurbinsu shi ne baƙi masu yawon shaƙatawa. Masu kuɗi daga Landan da wasu birane suka saye gidajen masunta, wasu don su zo hutu mako biyu a shekara, wasu don haya ga baƙi. Farashi ya tashi, 'ya'yan ƙauyen suka kasa saye a inda aka haife su, suka watse. Ku zaga lungunan da dare a watan Fabrairu, lokacin da aka jera manyan katakai an toshe bakin tashar saboda igiyar hunturu, ku ƙirga tagogin da ke da haske. A jikin ƙofofi da yawa ba abin da za ku gani sai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi da ake ajiye wa 'yan haya makulli. Mu ma wannan matsala ta taɓa mu, duk wanda ya nemi ɗakin haya a Penzance ko St Ives ya sani. Mutanen St Ives sun kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa sabon gini sai wanda zai zauna a ciki, Majalisar Cornwall kuma ta ninka harajin gida a kan gidajen hutu daga Afrilun 2025. Ko hakan zai dawo da mutane, lokaci ne zai nuna. Mashayun kansu raguwa suke yi a ƙasar baki ɗaya: a 2000 sun haura dubu 60, a 2024 suna wajen dubu 45. Ship Inn tana nan da ranta a hannun kamfanin giya na St Austell, kuma a lokacin zafi cike take. Amma cikar baƙi daban, cikar 'yan gari daban. Gini yana iya tsayawa garau alhali waɗanda suka san abin da ya faru a cikinsa sun ƙare.

To, ina waɗanda suka sani ɗin suke? A nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma saboda ita na rubuto. Wanda yake ɗan shekara 35 a daren da Solomon Browne ya fita, yau yana dab da 80. Wanda yake 45 yana neman 90. Su ne muke yi wa wanka da safe. Su ne muke ba magani, muke juyawa a gado, muke yanka wa burodi ƙanana. Tun da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, 'yan Afirka da yawa muka shigo wannan aiki, kuma a gidaje da dama mu ne muke kwana da su, 'ya'yansu suna Bristol ko Ostireliya. Labarin da a da ake bayarwa a gaban kanta ga mutum ashirin, yanzu a kunnen ma'aikaciya ɗaya ake raɗa shi da ƙarfe uku na dare, ita kuma tana duba agogo saboda ɗaki na gaba yana kira.

Akwai wata tsohuwa da na kula da ita, mantuwa ta ci ƙarfinta har ba ta gane jikokinta. Amma duk daren da iska ta taso ta fara buga taga, sai ta tashi zaune ta ce a ɗaga labule, ta riƙa tambaya ko sun dawo. Wanda bai san tarihin yankin ba zai rubuta a takardar aiki cewa ta rikice da dare, a ƙara mata maganin barci. Wanda ya sani zai ja kujera ya zauna, ya tambaye ta su wa take jira, ya bar ta ta faɗi sunaye. Minti goma ne, ta kwanta da kanta. Ba a koya mana wannan a horon shiga aiki ba, kuma ba laifin masu horon ba ne. Baƙo ne ya wajaba ya tambayi labarin gari.

Saboda haka idan tsoho ya fara ba ku labarin mashayar ƙauyensu, ko ta Mousehole ce, ko ta Newlyn, ko ta Porthleven, kada fuskarku ta canza don kun ji an ambaci gidan giya. Ba giyar yake ba ku labari ba. Yana gaya muku inda ya fara ganin matarsa ne, da inda aka raba kuɗin kifi, da wanda ya saba zama a kujerar kusa da murhu har ranar da kujerar ta zama ba kowa. Ku saurara. Idan kun ga labarin ya cancanci a adana, akwai hanya, amma a bi ta da ladabi: doka ba ta yarda ka ɗauki muryar wanda kake kula da shi ko hotonsa haka kawai ba, kuma yin hakan yana iya raba mutum da aikinsa da bizarsa. A gaya wa shugaban wurin aiki, a gaya wa iyalin, a nuna musu cewa akwai gidan adana tarihin Cornwall, Kresen Kernow, da aka buɗe a Redruth a 2019. Ko shi ma, don ku ji, a cikin tsohuwar masana'antar giya aka gina shi. Sau da yawa iyalin ba su san mahaifinsu yana da abin faɗa ba sai wani ya ja hankalinsu.

Sai batun asusun nan mai siffar jirgi. Ba sai kun shiga mashaya za ku same shi ba, yana shagunan kifi da na jarida, RNLI kuma tana da shagunanta a garuruwan gaɓa. Na taɓa jin ana tambaya ko ya halatta a ba su. Na bar wa malamai fatawa, amma ga abin da na sani. Ayar Ma'ida ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, ba ta ware launi ko addini ba. Ƙungiyar nan ta cika shekara 200 a 2024, ta ce ta ceto rayuka sama da dubu 146. A mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila, 'yan sa-kanta ne suke tsamo mutanen da ke tsallakowa a kwale-kwalen roba, cikinsu har da 'yan Sudan da Eritiriya da sauran 'yan nahiyarmu. A 2021 wasu 'yan siyasa suka yi musu ca a kan haka, har ana zagin ma'aikatansu a bakin gaɓa. Ƙungiyar ta ce ita ba ta tambayar wanda ke nutsewa takardunsa, jama'a kuma suka amsa da gudummawar fam dubu 200 a yini guda. Su Charlie ma ba su san ko ɗaya daga cikin mutanen Union Star ba. Matasanmu da suka iya ruwa, ko suka iya gyaran inji, ko ma tsayawa a shago kawai, ƙofar sa-kai a buɗe take, akwai ayyukan da ba sai an shiga teku ba.

Ga limamanmu da masu jagorancin al'umma, musamman a masallacin Carnon Downs inda muke haɗuwa, ina ba da shawara a duba yiwuwar mu tara wani abu da sunan Musulmin yankin, a kai tashar Penlee da ke Newlyn a cikin makon 19 ga wata, da 'yar takardar gaisuwa. Ba sai an kira 'yan jarida ba. Idan an amince, ni zan ɗauki nauyin zagayawa da kai saƙon.

Masu zuwa da mota kuma, titunan ƙauyen ƙunci gare su, a makonnin fitilu wurin ajiye mota wuya yake yi tun kafin duhu. Gara ku bar ta a Penzance ku hau bas. A sa wa yara rigunan sanyi masu kauri da takalma masu kama ƙasa, katangar tashar tana da santsi idan ruwa ya fantsamo, kuma magariba tana faɗawa tun kafin ƙarfe biyar, sai a yi shirin salla kafin a fito.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba mu ladan aikin da muke yi.

Wassalam,
ɗan'uwanku, ma'aikacin kula da tsofaffi a yankin Penzance.